Ranar da Narazaki Ya Ce Ya Ji

Shekara huɗu na yi ina riƙe wa Narazaki sirri, kuma a shekarun nan babu Lahadin da na ci abincin rana ya zauna mini a ciki. Sirrin ba shi da tsawo. Mutumin da duk masu kiɗa irin namu a Osaka suke kira Mai Kunne, kunnen nasa ya tafi. Ni kaɗai na sani, sai wani likita da ya je wurinsa sau ɗaya ya ƙi komawa.

Sunana Fumie. Ni ce mai karɓar takalma a ƙofar Gidan Wanka, ni ce mai dafa shayin sha'ir, ni ce kuma mai goge tayil idan kowa ya watse. A da gidan wankan jama'a ne na gaske, na surukina, sai da kowa a unguwa ya sami bahonsa a gida aka rufe shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ni da Narazaki muka sake buɗe shi domin masu kiɗa da masu fim waɗanda babu inda zai karɓe su, irin mai goga bakan goge a jikin kwanon rufi, ko mai nuna inuwar labule har awa guda ya ce fim ne. Ba mu sake wa gidan suna ba, ba mu kuma fasa komai ba. 'Yan kallo a cikin busasshen kwamin wanka suke zama, kowa da matashinsa.

Na san Narazaki tun yana da gashi. Ɗan wani ƙauyen masunta ne, ubansa mai gyaran rediyon jiragen kamun kifi. Ya shigo birni yana da shekara goma sha tara, ya yi gyaran talabijin, daga nan ya faɗa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa inda samari ke dukan ƙarfe da guduma, suna kara injin huda bango a bakin makirufo. A can muka haɗu, ni ina sayar da giya, shi yana kula da sauti. Shekara ashirin ya yi yana tsaye gefen lasifikoki masu tsawon mutum. Mu duka muna cusa auduga a kunne, shi kuwa ko an ba shi sai ya mayar, ya ce yaushe aka ga tela yana ɗinki da ido a rufe. Bai yi aure ba. Ya taɓa neman wata, ta zo kallo sau ɗaya, ta fita tana riƙe da kai, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Bangon Gidan Wanka ɗaya ne da na ɗakin wata tsohuwa, Umezu-san. Ranar da muka kai mata kwalin alewa don neman izini, sharaɗi biyu ta gindaya mana: da rana kawai za mu yi abinmu, kuma kada sautinmu ya danne rediyonta. Haka mutanen da suka kusa rushe gini da ƙara suka koma kiɗan da sai ka riƙe numfashi za ka ji shi, siriri kamar kukan sauro. Har daga Tokyo ake zuwa, har daga ƙasashen waje, ana rubuta cewa wani zurfin tunani ne ya kai mu ga haka. Ni dai nakan zuba musu shayi in yi shiru. Rediyon Umezu-san ce, babu wani zurfi.

Akwai doguwar kujerar mai tsaron gida, mai matakala uku, inda surukina yake zama a da yana hango ɓangaren maza da na mata. A kanta Narazaki ya ɗora teburin sautinsa. Bai taɓa yi wa mai kiɗa faɗa ba, bai kuma taɓa yabon kowa da baki ba. Idan abin da kake yi bai gamshe shi ba, sai ya riƙa jan maɓallinka ƙasa a hankali har ka ɓace, kai da kanka ka tattara kayanka. "Narazaki ya sauke shi," haka ake faɗa, kuma wanda aka faɗa a kansa ba ya son a tuna masa. Wanda kuwa ya ɗaga wa maɓalli ko da faɗin farce ne, sai ya shekara yana ba da labari.

Butar shayi ce ta tona shi. Wata Asabar na fita sayen gishiri na bar ta a wuta, na dawo tun daga bakin titi ina jin fitonta. Na shiga na same shi zaune, bayansa bai fi taku biyu daga butar ba, yana liƙa waya da dalma hankali kwance. Na zaci kunnen uwar shegu yake yi mini don kada ya tashi.

"Narazaki-san, butar fa?"

Bai juyo ba. Na sake faɗa, shiru. Sai da na taɓa kafaɗarsa ya zabura, idonsa ya sauka a bakina, ba a idona ba.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun yaushe me?"

"Kada ka raina mini hankali, tsoho. Butar nan har kare ta tasa a layi, kai kana zaune."

Ya ajiye dalmar. Ya ce muryar maza masu kauri yana ji, ta mata kuwa a leɓe yake karanta rabinta. Duk wani sauti siriri ya tafi. A gurbinsa kuma wani fito ne ya tare a cikin kansa, dare da rana, wani lokaci ya yi sama, wani lokaci ya yi ƙasa.

"To ka sauka mana, a ɗora wani."

"In sauka in je ina?" Ya nuna kujerar da haɓa. "Ke kina da jikoki a Nara, ran da kika gaji sai ki hau jirgi. Ni in na sauka daga can, wane ne ni? Wani kurman tsoho mai gyaran talabijin ɗin da babu mai kallo."

Haka na zama abokiyar ƙaryarsa. Dabara biyu muka dogara da su. Ta farko allurar da ke kan teburinsa, wadda take motsi idan sauti yana fita, tana da 'yar fitila a ƙarƙashi. Ta biyu ni. Ina zaune a bakin ƙofa yana hango ni daga sama: in na taɓa kunne ya rage, in na taɓa hanci ya ƙara, in na dafa ƙirji akwai matsala. Ma'ana dai, duk saukewa da ɗagawar da aka yi ta yabo a shekarun nan huɗu, rabinta kunnen mai karɓar takalma ne. Ko tari ba na yi da sakin jiki, ko ƙaiƙayi hancina yake sai in haƙura, don kada in sa a ƙara wa wani ƙara ba dalili.

Ana cikin haka, a daminar bana, Tobita Kanae ta zo. Daga Hakodate take, can arewa, shekarunta talatin da huɗu, tana aiki a wurin wankin zannuwan asibiti. Wasiƙa ta rubuto da hannu, shafi biyar, tana neman a ba ta Lahadi ɗaya. Ta iso da safe da tsohon majigi a cikin jakar taya, da faifan fim ɗaya rungume a ƙirji. Fim ɗin baƙi ne ƙirin daga farko har ƙarshe, babu hoto ko ɗaya. Shekara biyu ta yi tana karce gefensa da allurar ɗinki bayan ta tashi aiki, domin a gefen ne majigi yake karanta sauti, kowane karce da irin kukansa. Minti arba'in ne. Ba ta taɓa jin sa a ɗaki ba sai a 'yar lasifikar majigin.

Da ta ga Narazaki har jakar ta kusa suɓuce mata. Ta sunkuya, ta sake sunkuyawa, ta ce tun tana makaranta take jin sunansa.

"Sensei, roƙo ɗaya gare ni," in ji ta, tana kiransa malam da harshenmu. "Duhu nake so, na gaske. Majigin a ɗakin tukunyar ruwa za a ajiye a rufe ƙofa, don kada a ji ƙararsa. Tagogi a liƙe su. Har fitilun teburinka, in ba damuwa, na zo da baƙin mayafi a rufe."

Na dubi Narazaki, na ga ya karanta bakinta sarai. Duk da haka ya gyaɗa kai.

Da azahar aka gwada, fitilu a kunne. Na ji shi, da ƙyar: zare ɗaya na sauti, siriri, a tsakiya ya hau sama ya rabu biyu, can ƙarshe ya riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya. Na taɓa hanci sau biyu, na taɓa kunne sau ɗaya, Narazaki yana rubuta minti da wurin maɓalli a bayan ambulan. Da Kanae ta fita neman taliya, na hau matakalar na tsaya gabansa don ya ga bakina.

"Ka ce mata fitilar allura dole ta zauna."

"In ce Mai Kunne yana buƙatar fitila kafin ya ji? Kin ji kanki kuwa?"

"To ka ce Umezu-san ce ta hana duhu."

"Umezu-san ina ruwanta da duhunmu?" Ya buga ambulan da yatsa. "Na haddace. Maɓalli na huɗu daga hagu, ina ƙirga minti a zuci. Ke dai faɗa mini yadda yake."

Na faɗa masa zaren, da rabuwar, da ɗigar. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai kamar mai jin labarin garinsu. Na sauko na buɗe ƙunshin shinkafata, na dube ta, na mayar na rufe.

Mutum talatin da ɗaya suka zo, ruwa yana ta yayyafi. Na karɓi takalma na miƙa wa kowa makullin katako na akwatin takalmansa. A cikinsu akwai Hozumi, likitan haƙori, wanda bai taɓa fashin Lahadi ba tun da muka buɗe, kullum da ɗan littafinsa yana rubuta abin da ya ji da abin da ya kamata mu ji. Ƙarfe uku daidai Kanae ta shimfiɗa mayafin a kan teburin Narazaki da hannunta, shi ya zura hannuwansa ƙarƙashi. Ta shiga ɗakin tukunya ta tayar da majigi, ta rufo ƙofa, ta sauka cikin kwami ta zauna da mutane. Na kashe fitila.

Duhu ya rufe mu, ko tafin hannuna ba na gani. Na kasa kunne ina jiran zaren nan.

Minti ɗaya, shiru. Na ce wa kaina ai da azahar ma a hankali ya fara. Minti uku, shiru. Na juya kunnen dama, na juya na hagu. Abin da nake ji shi ne ruwa yana gangara a indararo, da wani famfo da ke ɗiga tun zamanin surukina, da rediyon Umezu-san can cikin bango ana ba da labarin wasan ƙwallo. Cikin wani ya yi ƙugi. Zaren dai babu shi.

Sai wani tsoro ya shige ni wanda ban shirya masa ba. Shekarata sittin da shida, ni ma na yi shekarun nan a ƙarƙashin ƙasa, kuma auduga ba ƙofar ƙarfe ba ce. Idan sautin yana fita fa, ni ce ba na ji? Idan da azahar shi ne jina na ƙarshe? Ke nan mu biyu kurame ne ke riƙe da gidan, ɗaya yana kallon ɗaya. Na dafa ƙirji, alamar matsala, na riƙe hannuna a wurin kamar wata sokuwa, alhali na san ko giwa ce ta dafa ƙirji ba zai gani ba.

Taku ashirin ne tsakanina da kujerarsa. Na ƙirga su a raina ya fi sau goma. Amma ni da hannuna na rubuta a ƙofa cewa in an rufe babu mai motsi, kuma a tayil ɗin nan ko allura ta faɗi sai an ji. Abin da ya fi wannan, in na hau matakalar na laluba teburinsa, kowa ya gane ke nan. Yaya za a yi Mai Kunne ya zauna minti goma bai lura babu sauti ba, sai mai takalma ta zo ta gaya masa? Na zauna. Na zauna har minti arba'in suka cika, kuma har yau ban yafe wa kaina zaman nan ba.

Da na ji Kanae ta tashi ta nufi ɗakin tukunya, na kunna fitila. Mutane suka yi ta ƙifta ido. Kowa yana satar kallon na kusa da shi, sai Hozumi ya fara tafi, nan da nan kwamin ya ɗauka.

"Abin mamaki!" in ji Hozumi, yana rubutu a tsaye. "Kun lura da wurin nan, wajen minti na ashirin, inda ya shige cikin ƙarar ruwan sama har ba ka iya raba su? Shekara goma sha ɗaya ban ji irinsa ba."

"Ni ma nan ne ya taɓa ni," in ji wata mata, wani kuma ya ce shi ƙarshen ne ya tayar masa da tsigar jiki. Na tsaya ina kallonsu, ban san ko ƙarya suke yi ba, ko kuwa ni ce dai ban ji ba.

Narazaki ya sauko daga kujera da sauri irin wanda ban ga ya yi ba tun yana da gashi. Ya zo ya kama hannun rigata ya ja ni gefen akwatunan takalma. Fuskarsa ta washe, idanunsa sun kawo ruwa.

"Fumie, na ji," ya ce, yana ƙoƙarin rage murya. "Yau na ji! Da duhun ya yi nisa sai ga shi, siriri, kamar yadda kika faɗa. A tsakiya ya hau, ya rabu biyu. Ina bin sa da hannu, ko ƙirgan ban buƙata ba. Ashe duhu nake buƙata tun tuni. Likitan nan bai san aikinsa ba."

Har ga zuciyata na so ya zama gaskiya, ko da hakan yana nufin nawa kunnen ne ya mutu.

Kanae ce ta katse mu. Ta fito daga ɗakin tukunya rungume da faifanta, fuskarta fara fat. Mutane suna tare ta da yabo, tana ratsa su kamar ba ta gan su ba. Ta zo gaban Narazaki ta sunkuya har gashinta ya rufe mata fuska, ta daɗe a haka.

"Na gode, Sensei. Na gane."

Ba ya ganin bakinta, don haka ya dube ni. Na ce mata ta ɗago.

"Na gane," ta sake cewa. "Na ji ana cewa kana sauke mutum a hankali. Ni ko daƙiƙa ɗaya ba ka bari ya fita ba. Da azahar ka ji shi, ka ga bai isa a sa wa mutane ba, amma ba ka kunyata ni da baki ba. Na zauna a duhun nan na yi tunani sosai. Mahaifiyata ma ta daɗe tana cewa ɓata idona nake a banza. Zan koma gida in ajiye allurar."

Na ga maganar tana isa gare shi kalma-kalma, yadda yake tsinto ta daga leɓenta. Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskarsa kamar ya ɓata hanya. Ya saki rigata. Ya juya ya hau matakalar, ya ɗaga baƙin mayafin. Daga inda nake ina hango wata 'yar jar fitila a saman maɓalli na huɗu. Ƙaramin madanni ne da ke yanke sauti gaba ɗaya, mayafin ne ko hannun rigarsa ya danne shi tun farko. Mai ji zai lura a minti na farko, ya laluba ya sake shi. Shi kuwa minti arba'in ya yi yana ɗagawa yana saukewa a kan layin da babu komai, yana bin fiton da ke cikin kansa.

Ya daɗe a tsaye, bayansa kawai nake gani. Mu uku ne muka san abin da ya faru, mu biyu ne muka san dalili. Da ya sauko ya gyaɗa mata kai kawai, kamar yadda ya saba, da shi ke nan, sunansa ma ƙaruwa zai yi: ranar da Narazaki ya sauke mutum gaba ɗaya. Ba zan ɓoye ba, tsorona a kansa yake, ba a kanta ba. Na matsa kusa da Kanae na fara haɗa ƙarya.

"Tobita-san, ina jin wayar da ta fito daga ɗakin tukunya ce, kin san damina, sanyi yakan..."

"Fumie, ya isa."

Daga sama ya faɗa, ashe ya juyo. Bai ji ni ba, bakina ya gani, kuma ya san ni. Ya tafa hannu sau biyu, da ƙarfi, har na tuna da Umezu-san. Masu zura takalma suka tsaya. Ya sauko ƙasa ya tsaya a kan tayil, hannuwansa a gefe.

"Ku yi haƙuri ku dawo," ya ce. Muryarsa ta fi yadda ya kamata ƙarfi, don ba ya jin kansa sosai. "Abin da kuka zauna kuka saurara ba aikin Tobita-san ba ne. Aikinta bai fita ba ko kaɗan. Sauti a yanke yake, ni kuma ban sani ba, domin ba na ji. Shekara huɗu ke nan ba na jin irin kiɗan da ake yi a gidan nan. Wanda na sauke a shekarun nan, ya yi haƙuri. Wanda na ɗaga, ya gode wa Fumie."

Ya juya ga Kanae ya sunkuya, fiye da yadda ta sunkuya masa. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar.

Famfon nan yana ta ɗiga. Hozumi ya dubi littafinsa, kunnuwansa suka yi ja.

"To ni fa," ya ce a hankali, "na zaci kunnena ne ya fara tafiya. Shi ya sa na riga kowa tafi."

"Kai ma?" in ji matar da ta ce abin ya taɓa ta. "Ni har na yanke shawarar zuwa asibiti gobe."

Wani ya yi dariya, wasu suka taya shi, dariyar kunya mai gajeren numfashi. Hozumi ya yage shafin ya cusa a aljihu. Kanae ba ta yi dariya ba. Tana tsaye ta toshe baki da hannu, hawaye yana bin yatsunta, ban san ko don kanta take kuka ba ko don shi.

"Faifan yana jure zagaye na biyu?" Narazaki ya tambaye ta. Ta gyaɗa kai. "To mayar da shi farko. In kin tayar, ki zo ki hau can."

"Sensei, ni? Kujerarka?"

"Kujerar mai tsaron gidan wanka ce, ba ta sarki ba. Na huɗu daga hagu. Ki ɗaga har sai kin ji ya kusa kai rediyon tsohuwar can, ki tsaya nan. Kunnenki zai gaya miki."

Babu wanda ya tafi. Aka sake cire takalma, aka koma kwami. Narazaki ya tsaya a bakin kwamin yana duba inda zai sa ƙafa, sai na tuna shekara goma sha ɗaya bai taɓa shiga ciki ba. Na miƙa masa matashi. Na kashe fitila, na laluba na zauna kusa da shi, karo na farko da na bar ƙofa.

Sai ga zaren. Ya fito daga can nesa, siriri, ya zagaya tayil ya dawo. Kunnena yana nan. Kunya ta kama ni da na ga wannan ne ya fara zuwa mini, ga mutum a gefena. A tsakiya ya hau ya rabu biyu, ɗaya ya bi rufi ɗaya ya tsaya kusa, kuma a duhun ya fi na azahar nesa ba kusa ba. Kanae ta ɗaga shi fiye da yadda ni zan yarda, amma Umezu-san ba ta buga bango ba. Kafaɗar Narazaki tana jingine da tawa, ba ta motsa ba daga farko har ɗigo na ƙarshe.

Da na kunna fitila babu wanda ya yi gaggawar tafi. Hozumi ma littafinsa a rufe yake a cinya. Na dawo na durƙusa gaban Narazaki don ya ga bakina.

"Ya fito?" ya tambaya.

"Ya fito."

"Yana da kyau?"

"Ƙwarai. Ba za ta ajiye allurar ba."

Ya gyaɗa kai, ya dubi kujerar da Kanae take saukowa daga kai tana riƙe da ƙarfen matakala. Sannan ya ɗora yatsa a bayan kunnensa na hagu.

"Nawa ma yana da kyau," ya ce. "Sai dai shi ba ya ƙarewa."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya fita daga kwamin, ya nufi ƙofa. Kafin in isa har ya fara karɓar makullan katako yana miƙa wa mutane takalmansu. Shi ke wannan aikin har yau.